Bilhodin Baba ta tsaya a kan taya, wa zai taimaka?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimako amma don Allah kar kowa ya fara da dariya. Kusan shekara shida ke nan ina tara ƙananan motocin nan na ƙarfe irin na da, yanzu sun haura 40, akwai Fijo 404 da 504, Basuwaja, Marsandi mai faɗin goshin nan da ta fito 1976, Landiroba biyu. To yanzu na ɗauko aikin da yake neman fin ƙarfina, ina so in haɗa motar Baba Allah ya jiƙansa da hannuna, Bilhodi, wato Bedford, mai bodin katako da yake kai goro arewa da ita. Hoto ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari, shi ma ya tsaya a gaba ya rufe rabin motar da babbar riga. Na je Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi, na samu gawar irinta a bayan wani gareji na auna da tef, tsawo wajen mita 7, taya wajen santimita 90. Ina yi a ma'aunin 1:24, wato komai ka raba shi gida 24, mota za ta fito santimita 29, taya kuma 4 babu kaɗan. Shasi na gama, bodi na fara, taya ce ta tsayar da ni, guda bakwai nake so har da safaya tunda baya bibbiyu ne. Wa ya san inda zan samu?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Ka ce kar a yi dariya amma chale ka yi haƙuri, ta riga ta fito. Mutum da gemu da 'ya'ya uku yana neman tayar motar wasa, ni tayar motata ta gaskiya ma wata biyu ina lallaɓa ta hhhh

Masta Fenta: Baban Khadija bar shi, kai kuɗin da kake zubawa a data kana kallon ƙwallon Turai wa ya tambaye ka. Ɗan Aboabo ka zo Magazin ka same ni, layin masu sayar da roba akwai zoben roba baƙi da ake sa wa inji don kar mai ya yoyo, kowane girma akwai, ka tafi da rula a aljihu. Matsalarsa ɗaya sumul yake ba shi da zanen taya, sai ka zauna da reza ka tsaga da kanka.

Direban Yeji: Allah ya jiƙan mahaifinka. Yaro wace hanya yake bi, ta Mampong ko ta Techiman?

Ɗan Aboabo: Amin Baba. Mma ta ce ta Mampong, Ejura, Atebubu, su tsallake ruwa a Yeji su kama Salaga.

Direban Yeji: To hanyata ce, mai yiwuwa ma mun sha kwana a bakin ruwa tare muna jiran fanto, jirgin da yake tsallakar da motoci. In haka ne kar ka manta da weji. Motar goro da za ta hau dutsen Mampong ba weji ba mota ba ce, meti yana tsaye a baya da katakon a hannu, da ya ji inji ya fara tari sai ya dira ya cusa a ƙarƙashin taya. Kuma tambaya, sitiyarin wane gefe ka sa?

Ɗan Aboabo: Hagu na yi niyya Baba, kamar sauran motoci.

Direban Yeji: Ka gani ko. Wace shekara ya saye ta?

Ɗan Aboabo: Kafin a haifi yayarmu, ita kuwa 1971 aka haife ta.

Direban Yeji: To dama ne. Ghana hannun hagu muke tuƙi irin na Ingila har ranar 4 ga Agusta 1974 lokacin Acheampong aka juya mu dama. Yawancin motocin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu yana dama, balle Bilhodi 'yar Ingila. Ni ina kan hanya a makon, kowa yana tafiya kamar hawainiya, meti yana ta ihu Masta dama dama. In ka sa sitiyari a hagu ka haɗa motar wani, ta babanka tana nan ba ka taɓa ta ba.

Ɗan Aboabo: Kai subhanallah, na riga na huda dashbod ɗin. Ba komai zan cike da fila. Na gode Baba, wlh wannan kaɗai ya biya kuɗin datata na yau.

Bakano a Alabar: Mu a Najeriya tun 1972 muka juya, kullum muna gabanku sai dai ku biyo. Kuma meti ɗin nan da kuke ta faɗa sunansa karen mota.

Direban Yeji: Je ka tashar Kejetia ka kira wani kare ka ga abin da zai same ka.

Bakano a Alabar: Hhhh na janye Baba. Amma maganar gaskiya Ɗan Aboabo 504 ɗinka nake so in gani. Motar nan ta fito a Faransa 1968, shekara ta zagayo ta ci motar shekara ta Turai, amma mu ne muka san darajarta. An buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kaduna 1975, gwamna Fijo, ɗan sanda Fijo, direban Kano zuwa Legas Fijo, ango ma Fijo. Wane girma gare ka?

Ɗan Aboabo: Uku gare ni. Ita ta gaskiyar tsawonta kusan mita 4 da rabi ne, to a 1:64 ta zo santimita 7, a 1:43 goma da ɗan kai, babbar 1:18 kuma kusan 25, ita ce ƙofofi da boneti suke buɗewa har ka ga inji. Biyu na Norev ne, kamfanin Faransa, sunan ma na masu shi ne Véron aka karanta ta baya. Amma ka san abin da yake damuna da su? Duk tsaf suke kamar yau aka fito da su daga shago a Paris. Ni 504 da na sani doguwa ce mai kujera layi uku, kaya a sama an ɗaure da igiya, baya ya zauna, akuya tana leƙe ta buhu. Wannan ba kamfanin da zai yi maka.

Hajiyar Asawase: Salamu alaikum, ni dai na shigo ne in yi magana a madadin matan masu wannan ciwon, don maigidana ma shi ne. Shokes ɗin da aka kawo ni da shi, na jera tangaran da kwanukan da Mma ta tara mani tun ina makaranta, yau in kun zo ba kwano ko ɗaya, duk suna cikin kwali ƙarƙashin gado, motoci ne sahu sahu. Da hunturu in ƙura ta taso mutumin da bai taɓa ɗaga tsintsiya ba sai ka gan shi da burushin kwalliyata yana share gilashin mota kamar mai yi wa jariri wanka. Abin da ya fi ba ni haushi wasu ma ba a buɗe su, suna cikin ledarsu. Ranar nan autanmu ya ɓare ɗaya, yaro ɗan shekara huɗu ya ga mota me zai yi, uban ya kwana biyu ba ya cin tuwona sosai. Don Allah ku gaya mani motar wasan da ba a wasa da ita me sunanta?

Ɗan Nima: Hajiya sunanta jari. Ku yi haƙuri ni daga Accra nake leƙowa. Ainihin masu tarawa a waje kwalin suke fara dubawa kafin motar. Tsohuwar Dinky ko Corgi da kwalinta lafiyayye kuɗinta ya ninka wadda ba kwali, saboda yara sun yayyaga kwalayen tun tuni, wanda ya tsira kaɗan ne. Dinky an fara 1934 a Liverpool, masana'antar ta rufe 1979, ba za a sake buga irin waɗancan a can ba. Corgi 1956, su suka yi suna da sa wa motocin gilashin roba a taga lokacin da sauran rami ne kawai. Matchbox 1953, kwalin kamar na ashana shi ya sa sunan. Wanda yake da waɗannan ya ɓoye.

Masta Fenta: Ɗan Nima tsaya, kar ka ruɗa mutane. Waɗancan sun yi tsada don lokacin ba wanda ya ajiye. Yanzu kowa yana ajiyewa. Hot Wheels da ake bugawa kamar gyaɗa tun 1968, kai ka ɓoye a leda, mutum dubu nawa suka ɓoye irinta a Amurka? Kuma wa zai saya a hannunka a nan, kasuwar gwanjo ta Kantamanto za ka kai? Mijin Hajiya ya bar yaro ya tura abinsa.

Ɗan Nima: Akwai waɗanda ake bugawa kaɗan Masta, ba duka ba ne gyaɗa.

Masta Fenta: Akwai, amma kafin su iso Ghana masu ido sun tsince su. Mu abin da yake zuwa mana a dilar gwanjo ne, haɗe da 'yar tsana mai hannu ɗaya.

Ɗan Aboabo: A nan ina bayan Masta, kuma ni gwanjon ma ya fi mani daɗi. Rabin nawa a ƙasa na tsince su a kasuwa, wajen matan da suke zube kayan wasa a kan leda, sai ka tsuguna kana tonawa suna kallonka suna cewa na yaronka ne, ka ce eh. Ka juya cikin motar ka karanta, suna da ƙasar da aka yi duk suna rubuce a ƙasan. Ranar da na ga an rubuta Lesney England, kamfanin da ya yi Matchbox na asali, a cikin wata Landiroba da fentinta ya gama ƙoƙewa hannuna har rawa yake, na daure fuska na taya kamar ban damu ba. Sau ɗaya na yi oda ta intanet, a hoto mota ƙatuwa, na tura kuɗi na jira wata biyu, na je karɓa aka sake caza ta, na buɗe kwali sai ga abu kamar ɗan yatsa, madubi ɗaya ma ya karye. Tun ranar in ban ga lambar ma'auni a rubuce ba ko kallo ba na yi.

Malam na Sabon Zango: Assalamu alaikum. An turo mani tambaya ta gefe kan hukuncin wannan abu, na ga gara in amsa a nan kowa ya gani. Mota ba ta da rai, kuma abin da aka yi magana a kansa mai tsanani shi ne surar abu mai rai. Ibn Abbas da mai sana'ar zane ya zo masa ya ce masa in dole ne ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. To ta wannan fuskar ba matsala. Inda zan ja kunne biyu ne. In akwai ɗan mutum-mutumin direba a ciki, ga manya masu jerawa a shokes cire shi ya fi kwanciyar hankali. Na biyu kuɗi, wanda kuɗin makarantar yara yana kansa ko bashin mai shago, ya je ya sayi motar da ba ta kai kowa asibiti, wannan sai ya binciki kansa. Allah ne mafi sani.

Hajiyar Asawase: Malam Allah ya saka, zan tura masa wannan na biyun sau uku.

Baban Khadija: Ni fa har yanzu ban gane ba. Hoto bai isa ba? Ka wanke hoton Baba ka sa a firem ka rataya, an gama.

Ɗan Aboabo: Yaya hoton rabin mota ne. Kuma ka ga yau kaɗai, da ban fara aikin nan ba ina zan san sitiyarin Baba yana dama, ina zan ji labarin weji? Tunda na fara, Mma da ba ta cika maganarsa ba kullum sai ta tuno wani abu, jiya ta ce akwai akwatin katako a gefen direba da yake ajiye buta da dardumar sallah, shekaranjiya ta ce bencin baya cirewa ake yi in za a loda goro a mayar in za a ɗauko mutane. Yarana ba su san shi ba, ƙaramin ma sunansa yake ɗauke da shi. Kuma ka duba duk kamfanonin da Ɗan Nima ya lissafa, za su yi maka bas ɗin Landan da tasin New York da motar tseren Italiya kala goma, na taɓa ganin kan Bilhodi irin namu a intanet amma da bodin ƙarfe irin na can. Bodin katakon nan kafintocinmu ne suka yi shi a nan, inji da shasi kawai ake kawowa, to wa kake jira ya yi maka ƙaraminsa?

Baban Khadija: To na ji wannan. Amma dariyata tana nan ban mayar ba.

Kafintan Sokoban: Wane katako kake yi da shi?

Ɗan Aboabo: Guntayen filawud na samu, amma yana tsagewa in na yanka siriri.

Kafintan Sokoban: Bar filawud, nemi wawa.

Baban Khadija: Ai ya samu, shi ne da kansa hhhhh

Kafintan Sokoban: Kai dai Allah ya shirye ka. Itacen wawa nake nufi, fari ne mara nauyi, wuƙa tana cinsa kamar sabulu kuma yana karɓar gam da fenti. Odum ya fi kyau a ido amma a wannan ƙanƙantar zai karya maka reza. Ka zo wajenmu guntaye suna nan zube muna ba masu toya ƙosai, in fere maka siriri a inji. Kuma ka yi shi faifai faifai yadda ake yin na gaskiya, kar ka ɗauki allo ɗaya ka ja layi da biro, ana ganewa. Kan ƙusa kuma allurar tela ka yanke kan ka dasa.

Masta Fenta: Tunda an zo fenti bari in faɗi nawa, don na ga yadda mutane suke kashe motoci masu kyau. Kar ka fesa fentin mota kai tsaye a kan roba, tina ɗin ciki, ruwan da ake tsinka fenti da shi, yana cinta ta yi ƙuraje. Faraima, wato fentin shimfiɗa, tukuna, siriri, ka bari ya bushe, ka bi da samfefa mai laushi da ruwa, sannan kala, fesawa uku marasa kauri daga nesa sun fi ɗaya mai kauri. Kar ka yi fenti ranar da hadari ya haɗu, danshin Kumasi yana sa shi ya yi fari fari kamar hazo, da hunturu kuma ƙura ce, sai ka kife kwali a kai da ka gama. Sufa gulu kar ya kusanci gilashi, tururinsa yana mayar da shi fari, farin gam na kafinta za ka sa. Tsohon fenti a motar ƙarfe kuma ka jiƙa bodin a man birki ya kwana, amma ka cire gilashi da taya tukuna kuma ka sa safar hannu.

Ɗan Nima: Masta tambaya. Ina da wata tsohuwa da ƙofarta ta fara tsattsagewa ita kaɗai kamar ƙasar fadama da rani, ba wanda ya yar da ita. Akwai magani?

Masta Fenta: Babu. Ƙarfen motocin nan haɗi ne, zink ne mafi yawa da ɗan alminiyom da magniziyom da tagulla. In dalma ta shiga haɗin tun wajen narkawa, bayan shekaru sai ya kumbura ya fashe daga ciki, danshi kuma yana ƙara masa gudu. Ba ya kama na kusa da ita, ciwon haihuwa ne. Ka ɗauke ta hoto tun tana tsaye. Sauran kuma ka tara 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi masu shan danshi ka zuba a shokes, kuma ka raba su da taga, rana tana cin ja kafin kowace kala.

Hajiyar Asawase: Wato har da ƙunshin takalmi za a fara tarawa. Na shiga uku.

Tela Mai Keke: Ina ta karantawa ina murmushi. Duk ku nan wa bai yi motar gwangwani ba? Gwangwanin madara da na Milo, mu buɗe mu daddale da dutse, taya kuma tsohon silifa, mu ɗora bakin ƙaramin gwangwanin tumatir a wuta mu danna ya yanko zagaye, tsinken tsintsiya ko waya a tsakiya, doguwar sanda da sitiyari muna turawa daga Aboabo har Asawase. Akwai wani yaro a layinmu har sifirin yake sa wa tasa, in ta hau dutse ka ga tana lilo, yanzu babban fita ne. Ɗan Aboabo tayar da kake nema tana ƙafarka.

Ɗan Aboabo: Wlh Tela na yi tunanin silifa, kunya ce ta hana ni faɗa, gani nake kamar zai ɓata aikin.

Masta Fenta: Ba zai ɓata ba in ka samu baƙi mai tauri irin na tayar mota da ake yi wa takalmi. Ka yanko da faif mai kaifi, ka soka a kusa ka ɗaura a bakin dirila tana juyawa kana bi da samfefa har ya zagaye daidai, zanen kuma da zarto ƙarami. Ya fi zoben da na ce maka ma, na janye nawa. In kuma kana son na zamani yaran jami'ar Tek suna da injin da yake buga abu da roba daga kwamfuta, ka kai masu awo su fitar maka har da rim.

Direban Yeji: A'a, ya yi da silifa. Mu ma tayoyinmu rabi faci ne. Yaro me aka rubuta a goshin motar? Ba Bilhodin da take fita ba suna.

Ɗan Aboabo: Nan ne rigimar Baba. A hoton hular Baba ta rufe tsakiya, farkon kawai ake gani HAƘ sai ƙarshen YA. Mma ta ce Haƙuri Maganin Duniya, kawuna kuma ya rantse Haƙuri Da Rayuwar Duniya ne, sun kusa daina gaisawa a kai. Kalar ma haka, ita ta ce kore, shi ya ce shuɗi.

Bakano a Alabar: Ai tsofaffinmu shuɗi da kore duk ɗaya suke kira wani lokaci, ka kai masu abu mai kalar ka ce su nuna da hannu.

Kafintan Sokoban: Na rubutun kuma lissafi ne. Auna faɗin harafi ɗaya a hoton, auna faɗin allon gaba ɗaya, ka ga harafi nawa zai shiga. Na kawu ya fi tsawo da harafi biyu, uku in ka ƙirga da sarari.

Direban Yeji: Turo mani hoton ta waya in sa jikata ta buɗe mani shi da girma. In koriya ce mai jan baki a mudgad, kuma akwai ƙaho na roba a gefen direba da ake matsawa, to na san motar, kuma ba Haƙuri Maganin Duniya ba ce ba kuma ta kawunka ba. Amma sai na gani, ba na son in shiga tsakanin mace da ƙaninta a kan kuskure.

Ɗan Aboabo: Na tura Baba. Masta ina zuwa Asabar bayan la'asar, zan biya Sokoban da safe. Wa yake da tsohon silifa baƙi lamba 45?

Baban Khadija: Ina da, amma ƙafa ɗaya ne, ɗayan an ɗauke a masallaci ranar Juma'a.